Injin ɗumama gida ya yi fari da ƙanƙara yana tururi: gas ne ya yi ƙasa?

Tambaya: Masta, barka da aiki. Ni mai gyaran AC da firji ne a Aboabo, nan Kumasi, shekara huɗu ke nan da maigidana ya yaye ni. Yayana da ke Hambug a Jamus ya turo mini bidiyon injin da ke ɗumama gidan da yake haya. A waje yake, kamar na AC ɗinmu, ya yi fari fat da ƙanƙara. Can sai fanka ta tsaya, aka ji huci, tururi ya tashi kamar gobara, ruwa na zuba ta ƙasa. Na ce masa gas ne ya yi ƙasa, don mu a nan abin da muke fara zato ke nan. Mai gidan ya ce lafiyar injin ƙalau. Wa ke da gaskiya? Yaya kuma injin yake sanin lokacin da zai narkar da ƙanƙarar? Sannan akwai wani ɗakin sanyi na kifi a Asafo da nake kula da shi, duk mako sai ƙanƙara ta toshe shi.

Amsa: Ƙanena, mai gidan ne da gaskiya. Ka kira yaya ka janye maganarka tun bai je yana musu da Bajamushe a kan injinsa ba. Abin da ka gani a bidiyon nan aikin injin ne na yau da kullum, in da bai yi hakan ba ma shi ne abin damuwa.

Wannan inji da suke kira hit-fam, wato famfon zafi, ba wani baƙon abu ba ne a wurinka. AC ne aka juya masa baya. A namu, kwayil ɗin cikin ɗaki, wato naɗaɗɗen bututun da gas ke bi, shi ne mai sanyi, na waje yana zubar da zafi. A nasu, na waje ne mai sanyi, yana tsotso zafi daga iskar gari, kwamfaresa ta matse gas ɗin, a sauke zafin a cikin gida. Ribarsa ita ce da kilowat ɗaya na wuta yakan kawo kamar uku na zafi, wani lokaci ya haura, saboda ba ƙirƙirar zafin yake yi ba, ɗauko shi yake yi daga waje. To amma zafi ba ya gangarowa sai zuwa inda ya fi sanyi. Dole kwayil ɗin waje ya fi iskar gari sanyi, yawanci da digiri 5 zuwa 10. Idan gari yana digiri 4, kwayil ɗin yana wajen 3 ko 5 ƙasa da sifili ke nan. Ka san yadda ledar fiya wata mai sanyi take gumi a hannunka a kasuwar Kejetia da rana tsaka. Laimar iska ce ta taɓa abu mai sanyi ta zama raɓa. Idan abin da ta taɓa yana ƙasa da sifili, ba ta tsayawa a raɓa, farin ƙanƙara take zama. Sharaɗi biyu ke nan: ƙarfen ya yi sanyin da zai sa iska ta zubar da laimarta, kuma ya sauka ƙasa da sifili.

Ga abin da yake ba mutanenmu mamaki: ba ranar da aka fi tsananin sanyi injin ya fi yin ƙanƙara ba. Iska mai zafin digiri 30 tana iya riƙe ruwa kusan giram 30 a kowane akwatin mita, wato akwatin iska mai mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. A digiri 5 ba ta riƙe fiye da giram 7. A 10 ƙasa da sifili abin ya koma giram 2 da ɗan kai. Saboda haka in sanyi ya kai maƙura, iskar a bushe take, ba ta da abin da za ta ajiye a kan kwayil. Lokacin wahala shi ne tsakanin digiri 5 ƙasa da sifili zuwa 6 ko 7 sama da shi, ga hazo ko yayyafi. Hambug kuwa a bakin kogin Elbe take, ba nisa da teku, sanyinta mai laima ne, kuma yawancin kwanakin hunturunsu a wannan tsakanin suke faɗawa. Injin yayanka yana zaune a daidai inda ƙanƙara ta fi so.

Ɓarnar ƙanƙara iri biyu ce, kuma kowace tana ciyar da 'yar'uwarta. Farin ƙanƙara cike yake da ƙananan ramukan iska, don haka bargo ne a kan ƙarfe, yana hana zafi shiga. Sannan siraran farantan alminiyam na kwayil tazararsu ba ta wuce milimita biyu ko ƙasa da haka ba, ƙanƙara kaɗan ta isa ta matse hanyar iska. Iska ta ragu, gas bai sami zafin da zai tafasa ba, matsin ɓangaren tsotso ya faɗi, kwayil ya ƙara sanyi, ƙanƙara ta ƙara sauri. Gida yana samun ɗumi kaɗan, mitar wuta tana ci gaba da gudu. In aka bar shi haka, gas ɗin da bai gama tafasa ba zai koma wa kwamfaresa yana ruwa-ruwa, ka kuma san kwamfaresa ba ta matse ruwa. Ya wanke mata mai, ko ya fasa mata bawul.

Narkarwar kanta ba ta da wuyar fahimta. Akwai bawul mai baki huɗu a cikin injin, shi ne yake juya hanyar gas. Idan lokaci ya yi, allon sarrafawa ya motsa shi, injin ya koma AC na 'yan mintoci: gas mai zafi daga kwamfaresa ya nufi kwayil ɗin waje ya narke ƙanƙarar daga ciki. Hucin da kuka ji shi ne matsi mai ƙarfi da mara ƙarfi suna musayar wuri. Fankar waje kuma da gangan aka tsayar da ita, don in tana juyawa iskar sanyi za ta kwashe zafin da ake so ya zauna a jikin ƙarfe. Tururin da ya firgita yaya ruwa ne mai ɗumi ya haɗu da iska mai sanyi, irin wanda ke tashi daga kofin koko da asuba. Yawanci cikin minti 3 zuwa 10 an gama.

Sai dai narkarwa ba kyauta ba ce. Kilo ɗaya na ƙanƙara yana cin zafi kilojul 334 kafin ya zama ruwa, ban da zafin da za a kashe wajen ɗumama tagulla da alminiyam ɗin kansu, wanda kuma da an koma aiki sai an sake sanyaya su. Daga ina zafin yake zuwa? Wani daga wutar kwamfaresa, wani kuma daga cikin gidan da ake ƙoƙarin ɗumamawa. A Jamus yawancin injinan nan ruwa suke ɗumamawa, ruwan ya zagaya cikin bututan ƙarƙashin daɓe ko ƙarafan ɗumama ɗaki, to daga wannan ruwan ake aro zafin. Shi ya sa masu haɗa su suke dagewa a kan yawan ruwan da ke zagayawa. In ruwan ya yi kaɗan, lokacin narkarwa yana iya daskarewa a cikin farantin musayar zafi ya tsaga shi, gyara mai tsada kuwa.

To yanzu mun zo kan ainihin tambayarka, kuma nan ne duk wahalar take. Injin ba ya ganin ƙanƙara. Ba shi da ido. Zato yake yi daga alamu, kamar makaho mai lalube da sanda. Kuskurensa kuma kashi biyu ne: ya tashi narkarwa alhali kwayil tas yake, ya yi asarar wuta da ɗumin gida a banza, ko kuma ƙanƙara ta rufe shi ruf yana zaune bai sani ba. Duk dabarun da injiniyoyi suka fito da su ƙoƙari ne na rage waɗannan kurakurai biyu.

Mafi tsufa agogo ne kawai: duk bayan lokaci kaza a narkar, ko da ƙanƙara ko babu. Aka zo aka gyara shi da haɗa agogo da sensa. Allon yana ƙirga mintocin da kwamfaresa ta yi tana aiki, a injinan Amurka da yawa ana zaɓar 30, 60 ko 90, in lokacin ya cika sai ya duba sensar da ke manne da bututun kwayil. In ta nuna ƙasa da sifili, a narkar. In ba haka ba, a sake ƙirga. Yana da arha, ba ya saurin lalacewa, kowane mai gyara yana gane shi. Aibinsa a fili yake: kwayil ya sauka ƙasa da sifili ba ya nufin akwai ƙanƙara. A busasshiyar rana mai tsananin sanyi kwayil zai wuni ƙasa da sifili ba tare da ya tara komai ba, injin kuma yana ta juyawa duk awa ɗaya kamar an sa shi dole. Ranar hazo mai kauri kuwa minti 90 ya yi yawa, kafin agogo ya cika an riga an toshe.

Wanda ya fi shi hankali shi ne mai auna tazara. Sensa biyu ne, ɗaya a iskar waje, ɗaya a kwayil. Bayan an gama narkarwa, kwayil yana tas, allon ya lura da tazarar da ke tsakaninsu, a ce digiri 6. Ƙanƙara na taruwa, kwayil na ƙara sanyi, tazarar na buɗewa. In ta wuce wadda ya sani da wasu digirori, ya gane an toshe. Wasu alluna har suna koyo daga narkarwar baya: in wancan karon cikin minti biyu aka gama, alama ce an yi gaggawa, sai ya tsawaita jira. In kuwa sai da lokaci ya ƙure ba a gama ba, ya rage. A ganina wannan ne ya fi dacewa da kuɗinsa, shi ne kuma za ka samu a yawancin sababbin injina. Amma shi ma ana ruɗa shi. Injin inbata yana sauya gudun kwamfaresa, in ta ƙara gudu tazarar tana buɗewa ko babu ƙanƙara, dole allon ya sa wannan a lissafi. Ganyen bishiya ko leda ta manne a bayan kwayil, ko gas ya ragu, duk suna buɗe tazarar, injin ya yi ta narkar da abin da babu.

Akwai masu auna iskar kanta: bambancin matsin iska gaba da bayan kwayil, ko wutar da fanka take ja, tunda aikinta yana canzawa in hanya ta matse. A takarda wannan ya fi kusa da gaskiya, don toshewar ce ake aunawa kai tsaye. A fili kuwa guguwa tana kaɗa ma'aunin, ƙura tana toshe ɗan bututun awon. An gwada sensar haske, wadda ƙanƙara ke tare mata haske in ta yi kauri, ana kuma binciken kyamara da manhajar da ke koyon gane hoton kwayil. Matsalar mai haske ita ce wuri ɗaya take kallo, ƙanƙara kuwa ba ta kwanciya daidai wa daida, wani gefe ya toshe wani yana tas. Ga datti da ke rufe mata ido. Ni dai duk abin da zai zauna a waje shekara goma sha biyar cikin ruwa da rana, na fi yarda da mai sauƙi.

Mutane suna yawan magana a kan lokacin farawa su manta da lokacin tsayawa, alhali a nan ne na fi ganin ɓarna. Ana tsayar da narkarwa idan sensar kwayil ta hau wani mataki sama da sifili, kowane kamfani da nasa, tare da iyakar lokaci don kada a zarce in sensa ta mutu. In aka tsaya da wuri, saman kwayil ya narke, ruwan ya gangaro ƙasa bai gama tsiyayewa ba, aka koma sanyi ya daskare. Wannan karon ba farin ƙanƙara mai laushi ba ne, garau ne mai tauri kamar gilashi, narkarwa ta gaba ba za ta iya da shi ba. Kullum yana hawa daga ƙasa, har ya kai ga fanka ko ya lanƙwasa bututu. Shi ya sa ake manna sensa a inda ƙanƙara ke narkewa a ƙarshe, ake ɗaga injin sama da ƙasa, wasu kuma a sa musu ɗan hita a farantin tara ruwa da magudana.

Abin da za ka gaya wa yaya ke nan. Farin ƙanƙara shimfiɗe ko'ina, wanda ke tafiya gaba ɗaya bayan tururin, lafiya ne. In ya ga garau mai kauri a ƙasa yana ƙaruwa kullum, ko rabin kwayil fari rabi babu komai, ko injin yana juyawa duk minti ashirin a rana mara hazo, ko ya wuni a toshe bai juya ba, ya gaya wa mai gida a kira mai gyara. Kada ya sa wuƙa ko sukundireba ya ce zai ɓamɓare. Bangon bututun tagullar bai kai kaurin milimita ɗaya ba, sababbin injina da yawa kuma R290 suke ɗauka, gas mai kama wuta.

Zaton da ka yi bai zo daga banza ba. A Kumasi gari ba ya kusantar sifili ko a tsakiyar hunturu, AC ɗinmu kuma an tsara kwayil ɗinsa na ciki ya zauna sama da sifili. Saboda haka a wurinmu ƙanƙara a AC cuta ce koyaushe. Amma ko nan ɗin ina roƙonka ka daina fara zargin gas. Ka fara da iska: filta da ƙurar hunturu ta toshe, fankar ciki da datti ya cika mata haƙora, kafasita mai taimaka wa fanka juyawa da ta raunana. In kuwa gas ɗin ne da gaske, to yoyo ne, don gas ba man mota ba ne da ke ƙonewa. A nemi ramin a toshe kafin a cika. Haka injinan famfon zafi masu dafa ruwan wanka da wasu otal-otal ke sawa a Accra da nan: da iskarmu bai kamata su ga ƙanƙara ba. In ka ga irinsu yana shiga narkarwa, ka tuhumi sensa ko toshewar iska.

Ɗakin sanyinka na Asafo shi ne inda duk wannan karatun zai yi maka amfani, don kwayil ɗinsa yana fama da abin da na Hambug ke fama da shi, har ma ya fi. Yi lissafi. Iskar kasuwa mai digiri 28 da laima kashi 80 cikin ɗari tana ɗauke da ruwa wajen giram 22 a kowane akwatin mita. A cikin ɗaki mai digiri 18 ƙasa da sifili ba za ta riƙe fiye da giram 1 ba. Ragowar 20 da wani abu a kan kwayil za su sauka. Akwati 50 na iska, kilo guda na ƙanƙara ke nan. Ka tsaya ka ƙirga sau nawa yaran shago suke buɗe ƙofar nan daga asuba zuwa azahar, ranar da mota ta kawo katan-katan daga tashar jiragen ruwa ta Tema kuma a buɗe ake barinta har a gama sauke kaya. Kafin ka taɓa allo, dubi robar ƙofa da labulen roba. Na sha ganin an yanke labulen an jefar wai yana dukan fuska.

Irin waɗannan ɗakuna yawanci da hita ake narkar da su, agogo ke tayarwa, sensa ke tsayarwa. In allon sarrafawa na kamfanin Dixell ne a jiki, IdF ne tazarar awoyi tsakanin narkarwa, MdF iyakar mintoci, dtE zafin da za a tsaya a kai, Fdt lokacin tsiyayewa, Fnd jinkirin fanka. Mafari mai kyau a yanayinmu shi ne duk awa 6, iyaka minti 30, a tsaya a digiri 8, a bar minti 2 ko 3 ruwa ya tsiyaye, fanka kuma ta jira kwayil ya sake sanyi. In fanka ta tashi da wuri, ruwan take fesawa a silin da kan kaya, shi ne tsinin ƙanƙarar da kake gani yana reto. Daga nan sai ka gyara da ido. Ka tsaya ka kalli narkarwa ɗaya daga farko har ƙarshe da tocila a hannu, ka leƙa bayan kwayil, ba gabansa kawai ba. In iyakar lokaci ce kullum ke tsayar da shi, sensa ba ta taɓa kai matakinta ba, ko dai hita ɗaya ta mutu ko tazarar ta yi nisa. Sa mitar matse waya ka ga ko duk hitocin suna jan wuta. Ka taɓa bututun magudana ka ji ko hitarsa na da rai. In kuma tsohon agogo ne mai juyawa, ka tuna duk ɗaukewar wuta tana mayar da shi baya. Tun zamanin dumso na 2015, lokacin da ake yawan ɗauke wuta a Ghana, na koyi duba wannan, narkarwar da aka saita wa tsakar dare sai ka same ta da rana tsaka ana cikin ciniki.

Akwai wani ɗakin kaji da aka taɓa kira na, masu gyara uku sun riga ni, kowanne ya ƙara gas ya karɓi kuɗinsa. Hajiyar da ke da wurin har ta fara tambayar kuɗin sabuwar kwamfaresa. Da na buɗe murfin gefe, sensar narkarwa ta zame daga cikin farantan ta kwanta a jikin hita. Da an kunna hita, cikin minti biyu ta ji zafi ta ce an gama, kwayil kuwa ko gumi bai fara ba. Na mayar da ita, na ɗaure, sannan na ɓata rabin yini ina rage gas ɗin da aka ɗura masa fiye da kima.

Don haka gobe in ka je Asafo, tafi da kofi, ƙanƙara da ruwa. Kashe injin, narkar da kwayil ɗin tas da ruwa mai ɗumi har sai ka ga haske ta tsakanin farantan. Ciro sensar ka tsoma ta cikin ruwan da ka cika da ƙanƙara, ka jira minti biyar, ka kunna allon ka duba karatun wannan sensar, ya kamata ya nuna sifili ko kusa da shi. In kana so ka auna da mita, irin sensar da waɗannan alluna suka fi amfani da ita tana ba da kilo-om 10 a digiri 25, a sifili kuma wajen 27. In ta kauce da digiri uku ko huɗu, canza ta, kuɗinta bai kai na katan ɗin kifi ɗaya ba. In ta yi daidai, soka ta cikin farantan a wurin da ka ga ƙanƙara ta fi daɗewa ba ta narke ba, nesa da hita, ka matse farantan a kanta. Bayan kwana uku ka koma da sassafe kafin a buɗe ƙofa, ka ɗauko mini hoton bayan kwayil ɗin.